Rancen Wuta

A Kwannawa, inda darbejiya ke rabon inuwa da awo,
Labbo mai waya ya shige ƙarƙashin akori-kurata.
Ƙafafunsa kaɗai nake gani,
silifas ɗaya shuɗi, ɗaya ya manta launinsa.

Bayan motar akwai ɗan ɗakin da nake ja:
katifa, buta, fitila,
da ƙaramin firiji mai riƙe allurar shanu.
Shi ne gidana daga Gwadabawa har Tangaza,
shi ne kuma ya kunyata ni.

Ni na haɗa wayar da hannuna, bara.
Siririya, irin ta rediyo.
Na murɗe bakinta, na naɗe da leda,
na ce batir ya ba batir, ai 'yan'uwa ne.
Dare ɗaya a rugar Arɗo Bawuro
na baya ya tsotse na gaba har ɓargo.
Da asuba na murɗa makulli,
motar ta ce ƙyas, ta yi shiru.
Kafin azahar allura ta ɗumame a kwalba,
shanu ɗari biyu suna kallona,
samari shida suna tura ni cikin rairayi.

Labbo ya fito riƙe da wayata da yatsa biyu
kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera.
"Wa yay yi wanga aiki?"
Na dubi titi.
"Allah ya so ka, malam. Wagga ba ta ɗaukar wuta,
sai dai ita ta zama wutar."

Ya fara kwance baƙin kan batir.
Ba a taɓa ja, in ji shi, sai an sallami baƙi.
Ya warware sabuwar waya, kaurin ɗan yatsa,
ya sa mata rigar roba,
ya bi da ita gefen ƙashin mota, nesa da salansa,
yana ɗaure ta taki bayan taki.
Inda za ta ratsa ƙarfe ya yi mata zobe,
don ƙarfe ba ya cizo yau,
a hankali yake ci, rami bayan rami.

Taki guda daga batir ya dasa fiyus,
ya dasa wani can wajen na baya.
"Hiyus," ya ce, "shi ka mutuwa don mota ta rayu.
In ya ƙone, kak ka sa mai ƙusa.
Tambaye shi mi yak kashe shi."

Sai wani baƙin akwati, bai kai na ashana biyu ba.
Wannan mai gadi ne.
In inji na tafiya, ya buɗe ƙofa, wuta ta wuce baya.
In inji ya tsaya, ya rufe,
kowa ya kwana da abin da ke cikinsa.

A mahaɗar mota da ɗaki ya bar wa wayar sarari,
don kwana ba ta shawara da kowa.
Ya kankare fenti har ƙarfe ya yi haƙori,
nan ya ɗaure baƙar.

"Tayar."
Na tayar. Na'urarsa ta hau sha huɗu.
"Kashe."
Mai gadi ya ce ƙat.

Ina lissafa masa kuɗi
na tuna albashina da ba ya ganin goma ga wata,
da duk wayoyin da ke jone a jikina,
sirara, naɗe da leda,
ba mai gadi ko ɗaya.
Ban faɗa masa ba. Ya ba ni fiyus biyu gyara.

Yanzu dare ne a Tangaza.
Firiji na gurnani can ƙasa-ƙasa,
sauro ya sami hanyar shigowa.
Motar na barci da wutarta a ciki.
Gobe akwai shanun Bawuro,
in ya yarda ya sake tara su.